Amsa ga mai son sayen tsohuwar Land Cruiser ta 1978 da aka canza wa inji

Wa'alaikumus salam ƙanena, na ga tambayarka kuma na ga hotunan. Bari in maimaita a taƙaice saboda masu karatu su san inda aka dosa: kana zaune a Jidda, ka ga Land Cruiser FJ40 ƙirar 1978 a Ɗa'if, mai ita yana cewa riyal dubu 45, amma injin da ke cikinta ba nata bane an sa mata injin 3F na shas (Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ta zo bayanta), kafireto ɗan China ne, kujerun gaba na wata mota ne, na baya babu su sam, gilashin kusurwar baya guda ɗaya ya fashe an toshe gurin da roba, sannan istimara, wato takardar rajistar mota, ta mutu da daɗewa. Kana tambaya ka saya ko ka haƙura, kuma in ka saya za a iya maido ta yadda ta fito daga kamfani?

Toh gaskiya abin da ya fi tsorata ka a cikin lissafin nan, wato injin, shi ne abin da ni bai dame ni ba ko kaɗan. Wanda kuma ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato istimara, shi ne zai iya sa kuɗinka su zama ƙarfe a ƙofar gida. Na daɗe ina aikin irin motocin nan a sana'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci, kuma in ka ga aikin tsohuwar mota ya tsaya cak an lulluɓe ta da tamfol, da wuya ka ji ance rashin inji ne, ko dai takarda ce ko shasi ko kuma mai ita ya wargaza ta gaba ɗaya kuɗi suka ƙare.

Mu fara da takarda tunda ita ce kan gaba. Mutuwar istimara kaɗai ba matsala bace, ana biyan kuɗin shekarun da suka wuce da tararsu, a yi fahas, wato gwajin lafiyar mota, a yi inshora a sabunta, shikenan. Abin da zaka bincika shi ne motar tana nan da rai a kwamfutar murur, wato hukumar kula da motoci, ko an riga an yi mata isƙaɗi, wato an soke rajistarta. Mota in mai ita ya sayar wa tashlihi, wato masu yanka matattun motoci su sayar da kayansu, ya miƙa lambobinta aka cire ta daga sunansa, to a hukumance ta mutu, ko da tana tashi da kiki ɗaya, kuma akwai masu sayo irin waɗannan daga tashlihi su wanke su shafa musu fenti su ce maka "takardun suna nan tafe". Kar ka yarda da suna nan tafe. Ka ce ya buɗe Absher ɗinsa, manhajar gwamnati ta waya, a gabanka ka ga motar a cikin jerin motocinsa da lambarta. In ya ce ai da sunan babansa take kuma baban ya rasu, Allah ya jiƙansa, to sai an kawo takardar kotu ta tantance magada da wakalarsu, in ɗaya daga cikinsu yana Dammam baya ɗaga waya kai ne zaka yi ta jira da mota a ajiye. Haka in an shigo da ita ne daga waje a matsayin motar tarihi, domin doka ta hana shigo da ƙaramar mota da ta wuce shekara 5 amma ta bar ƙofa ga wadda ta haura 30, sai dai ana buga wa takardar kwastan ɗinta hatimin cewa ba ta hawa titi ba ce. Irin wannan ta baje koli ce da ɗaukar hoto, a kan saɗaha, motar ɗaukar mota, ake yawo da ita.

Sai wata magana da mu nan muka fi kowa sanin zafinta. Baka faɗa min ko kai ɗan ƙasa bane ko da iƙama, wato katin zaman baƙo, kake zaune. In iƙama ce, ka tabbatar za a iya rubuta motar da sunanka kafin ka ba da ko riyal ɗaya, FJ40 mai rufi da aka yi wa rajistar motar gida ta fi sauƙi, amma ƴar uwarta FJ45 mai buɗaɗɗen baya motar kaya ce a takarda kuma ba kowane mai iƙama ake bari ya mallake ta ba. Dan Allah kar ka rubuta ta da sunan aboki ko suruki kace ai amana ce, motar da zaka zuba wa kuɗi shekara biyu uku ba a ajiye ta a sunan wani, yau lafiya gobe ko rasuwa ko saɓani ko bashi ya hau kansa a riƙe duk abin da ke sunansa.

In takarda ta yi, sai ka shiga ƙarƙashin mota. Ka tafi da tocila da burushin waya da tsumma da ɗan fetur a gora, kuma ka sa kayan da baka jin tausayinsu. Lambar shasi tana gefen dama a gaba, a jikin ƙarfen shasin kansa wajen bayan bamba, kusan kullum a rufe take da laka da tsohon giris. Ka goge a hankali har ƙarfe ya fito. Zaka ga FJ40 sai lambobi shida, kuma bugun kamfani yana da kamanni guda, zurfinsu ɗaya tazararsu ɗaya a kan layi ɗaya. Ka haska tocilar daga gefe ba daga gaba ba, ta haka ne duk wani gurin da aka goge da giranda ko aka cike da walda zai nuna kansa, ka kuma zura yatsa ta bayan ƙarfen ka shafa, in an yanko gurin daga wani shasi an liƙa zaka ji tudun waldar ta ciki ko da waje ya yi sumul. Daga nan ka buɗe bonet ka nemi ɗan farantin alminiyon da ke jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, a nan aka rubuta samfurin motar da irin injinta da lambar shasi da lambar fenti da ta giya. Lamba uku nake so su zama ɗaya, ta shasi, ta faranti, ta istimara. In farantin ya ɓace amma shasi da istimara sun dace, darajarta ta ragu amma ana iya saye. In shasi da istimara ne suka saɓa ko da da lamba ɗaya, ka goge hannunka ka yi masa sallama. A samfurin kuma ka lura da harafin da ke bin 40, L na nufin sitiyarin hagu aka ƙera ta da shi, in ka ga R kuma sitiyari yana hagu to juya shi akayi, kuma ƙasar nan bata karɓar motar da aka juya wa sitiyari.

Kasancewarta a Ɗa'if abu ne mai kyau in dai can ta yi rayuwarta, motocin Ɗa'if da Najdu rana ce ke cinye musu roba da fenti amma ƙarfensu na nan. Motar Jidda da Jizan da Yanbu kuwa gishirin teku da raɓar dare sun gama da ita tun daga ciki, ballantana wadda ta sha ambaliyar 2009 ko ta 2011. Amma fa mota tana da taya, wadda ke Ɗa'if yau wataƙila shekara talatin ta yi a bakin teku. Don haka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba inda direba ke taka ƙafa, ka duba dokin ƙofar baya inda ƙofofin nan biyu ke rufuwa, nan ne gurin da ya fi ruɓewa a motar nan kaf, sai ƙasan firam ɗin gilashin gaba, sai magudanar ruwan da ta zagaye rufin, shi saman rufin farin faiba ne baya tsatsa amma bakinsa ƙarfe ne. Ta 1978 tankin manta yana cikin mota ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ka leƙa ƙasansa, ruwa na kwanciya a gurin. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a tsumma ka bi jikin bodin da shi, duk inda ya ƙi kamawa ma'ajun ne, wato ƙullin cike rami, aka lafta. Fenti sabo mai sheƙi a motar da ake son sayarwa kamar kwalliyar ranar biki ce, sai an wanke fuska ake sanin amarya. Ni na fi son in ga tsohon fenti da ya ƙoƙe da tsatsarsa a fili in san da me nake ciniki. Shi kuwa shasi ka ƙwanƙwasa shi da guduma daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke ratayuwa da can ƙarshen baya, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum yana zubo da gari.

Yanzu maganar inji. Toyota ta yi wannan jerin na 40 daga 1960 zuwa 1984, na farko da injin F mai lita 3.9, daga 1975 aka koma 2F mai lita 4.2, shi ne ya kamata ace yana cikin taka. Shi 3F da ya gaje shi lita 4.0 ne, gida ɗaya suka fito, silinda shida a jere, faɗin silindarsu ma ɗaya ne mm 94, bambancin kawai 3F tafiyar fistin ɗinsa ta fi gajarta shi yasa ya fi sakin jiki a titi, 2F kuma ya fi ja daga ƙasa. Mutumin da ya sa mata 3F ba ɓarna ya yi ba, abin da kowa ke yi ne lokacin da shas ya cika tashlihi, inji ya buga a ɗauko na ƙaninsa a ɗora a koma gona. Ra'ayina in lafiyarsa ƙalau ka bar shi. Ka hau motarka ka more ta, in wata rana ka ci karo da 2F mai kyau, ana samunsa a FJ45 da FJ55 da FJ60 na farko-farko, ka saya ka ajiye kana haɗa shi a hankali. Kuma ka cire wa ranka cewa zaka samo ainihin injin da ta fito da shi, wannan ya tafi, kowane 2F ka sa daidai ne a ido amma ba shi bane, kuma duk ranar da zaka sayar amana ce ka faɗa wa mai saye. Inda zan ce ka ja baya shi ne da injin Amurka mai silinda takwas aka cusa mata aka yanke kujerun inji aka ƙona shasi da walda aka matsar da giya, irin wannan maido ta ya fi sayen wata tsada.

Ka je da safe kuma ka roƙe shi kar ya tashe ta kafin ka iso, ka ɗora hannu kan injin ka tabbatar da sanyi yake, inji mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Ka sa a cire fulogi shidan a auna matsin kowace silinda, lafiyayye yana kaiwa wajen 150 a ma'aunin psi, abin da ya fi muhimmanci su yi kusa da juna, in biyar suna 140 ɗaya tana 90 ka san akwai aikin bawul ko zobe. Ka buɗe murfin lagireto tana aiki ka ga ko ruwan na tafasa da kumfa. Sannan ga wata ƴar dabara da zata nuna maka hannun da motar ta bi: ka riƙe sifana 12 da 13 da 14 ka zagaya. Toyota ta wancan zamani kan notinta 10 ne da 12 da 14 da 17, duk inda ka ga sifana 13 ce ke kamawa to ba na kamfani bane, wani ya kwance gurin ya ɗaure da abin da ya samu a kasuwa. Noti ɗaya biyu ba komai, amma in ka ga 13 a kujerun inji da sitiyari da ƙafafun bodi, an taɓa raba motar nan gida biyu kuma ba a faɗa maka ba. Ka leƙa bayan tayoyin gaba wajen dunƙulen nan da taya ke juyawa a kai, in ka ga baƙin abu mai kauri yana dalala, man aksul ne ya haɗe da giris, sil ɗin ciki ya mutu, aikin yini guda ne kuma kusan duk wadda aka daɗe ba a kula ba tana da shi, ka sa a lissafin ragi kawai. Ka sa dabal, giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, ka ji ya shiga ya fita, kar ka yarda da "ai ba a amfani da shi ne".

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne ƙananan kaya, kuma a nan ne nake so ka buɗe ido sosai. Inji guda ne ka saya ka huta. Amma kujerun baya masu naɗewa da ƙafafunsu, gilashin kusurwa mai lanƙwasa, agogon mita na asali, maɓallan dashbod masu rubutu, gidan iyakilina, sitiyarin asali, murfin wili, tambarin gaba da na gefe, jak da jakar kayan aiki, injin ɗaga gilashin ƙofa, kowanne in ka ji kuɗinsa shi kaɗai zaka ce ai ba yawa, sai ka tara su ka ga sun haura kuɗin injin nesa ba kusa ba, ga kuɗin jirgi ga harajin kashi 15 a kai. Gilashin gaba da na ƙofofi shimfiɗaɗɗu ne, kowane mai yankan gilashin mota zai yanka maka, na kusurwar nan ne sai an nemo. Wani abin kuma mutane na ganin duk FJ40 ɗaya ce tunda kamanninsu bai canza ba shekara 24, alhali ƙofofin kafin 1975 daban suke da na bayanta, a 1979 kuma aka canza ƙasan bodi aka fitar da tanki waje aka mai da zoben fitilun gaba mai kusurwa, birkin hannu ma na taka a bayan dabal yake, sai a na ƙarshe-ƙarshe aka mai da shi tayoyin baya. Kaga in ka ga kaya a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, an rubuta "na FJ40" kawai, tambayar farko ta wace shekara, in ba haka ba ka tara kayan da basa hawa motarka.

Wajen nema kuwa kar ka raina wakala, wato dilan Toyota. Abdul Latif Jameel yana kawo Toyota ƙasar nan tun 1955, kuma motar nan ta yi yawa a nan sosai, har yau akwai abubuwan da in ka ba da lambar kaya daidai za a fito maka da su sababbi a kwalinsu, irin su gasket da sil da famfon ruwa da tamostat. Ita kanta Toyota a 2021 ta sanar zata dawo da ƙera wasu kayan jerin 40 a ƙarƙashin shirinta na GR Heritage Parts. Sirrin shi ne lambar kaya, yaron kanti in ka ce masa "na Land Cruiser 78" zai ce babu tun kafin ka rufe baki, in ka miƙa masa lamba sai ya buga. Ka sauke littafin lambobin a intanet ka zauna da shi. Bayan wakala sai tsofaffin kantunan sifiya da ke da kwantan kaya a sito, sai tashlihi, mu da muka saba da Biraiman da kuma na Ha'ir a Riyad, duk wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda ake ciniki a irin gurin, ka je da tsohon kayanka a hannu ka gwada a gabansu. Abin da ya gagara nan Sharja ce, in ta gagara sai oda daga Japan ko Ostareliya ko Amurka. Kayan tijari, wato waɗanda ba na kamfani ba, ba duka ne marasa kyau ba, robar ƙofa da fitilun sigina da madubi da shimfiɗa ka sa abinka. Amma birki da sitiyari da sil ɗin aksul da famfon ruwa ban yarda da araha ba. Kafireton nan ɗan China ma in yana aiki ka lallaɓa da shi zuwa lokacin da zaka samu tsohon kafireton Aisan na asali, ko ya yi baƙi ƙirin ka saya, a wanke a sa masa kit, ka dai girgiza sandar maƙogwaronsa ka ji bata yi lako-lako ba, in ta yi yana shan iska ta gefe kuma silo bazai taɓa zama ba.

In Allah ya sa ka saya, ga roƙona guda ɗaya: kar ka kwance ta. Na san zuciya, mota na isowa mutum ya kira abokai ranar Juma'a a cire bodi a cire inji a zuba notuna a bokiti ɗaya, tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya. Ka fara da abin da zai sa ta ci fahas ta hau titi da sunanka. Birki farko, yawancin waɗanda aka kawo yankin nan ganga ce a ƙafa huɗu kuma kowace ƙafa silinda biyu gare ta, takwas kenan, kowacce da hannu ake saita ta, in bakanike bai saba ba zai bar maka mota tana fizga gefe guda duk ka taka. Ka canza silindodin da tiyon roba da masta gaba ɗaya, kar ka tsaya faci. Daga baya in kana so ana ɗauko kan aksul ɗin FJ60 a mai da birkin gaba na faranti, gyara ne da baya ɓata kamannin mota kuma duk wanda ya taɓa saukowa daga dutsen Hada na hanyar Ɗa'if da birkin ganga ya san dalili. Sai sitiyari da tayoyi, taya in ta daɗe ko zanenta bai goge ba ka yar, zafin nan ya riga ya dafa ta.

Sai waya, kuma wannan kar ka yi wasa da shi domin tankin mai a ƙarƙashin kujera yake. Wayar shekara arba'in da ɗoriya ta bushe tana karyewa, ga kuma duk rewayan da ya taɓa ta ya bar nasa ƙullin da salatif. A ƙirar kafin 1979 duk wutar caji ta cikin agogon amfiya na dashbod take bi, agogon kuma an yi shi ne don ƙaramin altaneta, to in wanda ya sa 3F ya taho da babban altanetansa ya haɗa a tsohuwar hanya, zaka ga bayan mitar ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ka sa rewaya ya duba wannan tun ranar farko, in da hali a sa sabuwar waya gaba ɗaya a huta. Sanyaya inji ma haka, lagireton asali na tagulla ne ana canza masa ciki ya dawo sabo, kar ka bari a yar da shi a sa na roba. Ka tabbatar kwandon da ke zagaye da fanka yana nan, shi ake fara yarwa kuma rashinsa ne ke sa mota zafi a cunkoso. Masu cire tamostat suna cewa ai Saudiyya zafi gare ta, ni ban tare da su, inji na son ya kai zafinsa ya tsaya a nan. In ka gama ka gwada ta a hawan Hada da rana, in allura bata motsa ba to ta ci jarabawa. Saitin bawul da inji a ɗumi ake yi, mm 0.20 na shiga 0.35 na fita, fetur mai lamba 91 ya ishe ta.

Bodi da fenti su ne ƙarshe, bayan ka yi wata shida ko shekara kana hawanta ka san halinta ka kuma san ko har yanzu kana sonta. Ka nemi samkari, wato mai gyaran bodi, wanda ke yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo, ba mai shafe rami da ma'ajun ba, ka je warsharsa, wato garejinsa, ka ga aikin da yake kai kafin a rufe da fenti. In za a feshe ta da yashi a yi hattara da bonet da ƙofofi, shimfiɗaɗɗen ƙarfe in aka matsa masa yana lanƙwashewa, kuma a Jidda ƙarfen da aka tsiraita da safe kafin dare ya fara ja, dole a ranar a buga masa firaima. Launi ka bi lambar da ke farantin nan, irin su 416 ruwan ƙasa ko 309 ja ko 854 shuɗi, rufi kuma fari, in kuma zaka canza launin da ke istimara sai da izinin murur tukunna. Duk abin da aka kwance a ɗauki hotonsa a sa notunansa a leda a rubuta suna. Kuɗin aiki kuma mataki-mataki, a gama walda ka gani ka biya, a gama firaima ka gani ka biya, ranar da ka biya duka a gaba ranar motarka ta koma bayan warsha ana ɗora mata kwali. Kar kuma ka bar ta a bakin titi ba taya, baladiyya, hukumar gari, na manna takarda ta dawo ta kwashe.

Zancen kuɗi, bazan ce maka dubu 45 ya yi yawa ko ya yi kaɗan daga hoto ba, amma ga yadda zaka yi ciniki. Mai ita yana kallon farashin waɗanda suke cikakku na asali da ake nunawa a baje koli, alhali tasa motar hawa ce da aka yi wa dashe. Ka zauna ka rubuta duk abin da babu, ka nemo farashin kowanne da kuɗin kawo shi, ka ƙara kuɗin istimara da tara da birki da taya da waya, ka nuna masa takardar ka cire daga abin da cikakkiya ke yi. Kai ma ka yi wa kanka lissafi, abin da zaka kashe bayan saye zai iya kai kuɗin sayen ko ya wuce, kuma da wuya ka mai da shi in ka sayar, masu cin riba a harkar nan su ne masu warsha da kayan a hannunsu. Ka kuma san abin da kake saye, mota ce mai giya huɗu da ta fi jin daɗi a gudun 80 zuwa 90, a 100 inji na kusan juyi 2,700 a minti yana ihu, da wuya ta ba ka fiye da kilomita 6 a lita, ba ta da esi in ba an ƙara mata ba, gajera ce mai tsayi bata son a fizge sitiyari, ba motar kai iyali Madina bace, ta yammacin Alhamis ce da fita barri, wato sahara.

In ka tashi zuwa ka tafi da bakanike wanda ya san injin kafireto, ba yaran kwamfuta ba, kuma sharaɗinka da mai ita ya zama shi zai sabunta istimara ya kai ta fahas a canza suna sannan ya karɓi cikon kuɗinsa, ko a cire kuɗin daga farashi amma a yi komai a ma'arad, wato wurin dillalan mota, a rubuce. In ya yarda, kuma lambobin nan uku suka dace shasi ya yi ƙara, ka saya da 3F ɗinta. In ya fara cewa ai akwai wani daga Riyad da zai turo kuɗi yau da daddare, ka sha shayinsa ka yi godiya ka sauko Jidda. Ka turo min hoton lambar shasin da na farantin da na dokin ƙofar baya in ka je, daga su zan iya faɗa maka nawa zaka taya.